Ɗan Makka da Ɗawafin Bankwana

Lahadi, bayan la'asar

Tun ranar Alhamis na zama tsohon ma'aikaci. Na miƙa rigar aiki, na miƙa mukullin loka, aka yanka kek, aka ba ni wani allo mai sheƙi an rubuta Ridwan a jiki. Babu laifi. A takardun gwamnati Ridwan nake, a bakin mahaifiyata Lurwanu, kuma ita ta fi sanin abin da ta haifa.

Fiye da rabin rayuwata a bayan motar ɗaukar marasa lafiya na yi shi, wadda a nan muke kira is'af. Babu lungun Makka da jiniyata ba ta tashi mutanensa ba. Yanzu ga ni a falo a unguwarmu Misfala ina bin matata Saudatu da ido daga kicin zuwa ɗaki. Ta ce na fi kujera tare hanya.

Ma'aruf bai zo walimar ba. Shi ne abokin motata. Ni na karɓe shi yana ɗanye, bandeji ma sai hannunsa ya yi rawa kafin ya ɗaura. Ɗan unguwar Rusaifa ne, kakanninsa daga Sakkwato suka zo hajji suka zauna, kamar yadda nawa suka zo daga Kano. Larabci muke yi da kowa a wurin aiki, amma in abu ya ɓaci a cikin mota, Hausa ce ke fitowa. Tun bayan hajjin bana aka sauke shi daga mota aka mai da shi ɗakin amsa waya. Sun ce don ya huta.

Ranarsa ta farko na koya masa dokar mota, yadda aka koya mini. Abin da ka gani a mota, a mota kake barinsa. Ka wanke gado, ka wanke hannu, ka sha shayi, ka ce alhamdulillahi. Ba a kai wa mata gida, ba a tambayar juna. Da wannan na kai ritaya lafiya lau, ga ni nan kowa na gani.

Duk da haka na ji rashin zuwansa.

Talata, da hantsi

Saudatu na fasa ƙanƙara a kicin za ta haɗa zoɓo. Baiwar Allah ba ta yi wa kowa komai ba, leda ce da 'yar taɓarya. Ni dai na tsinci kaina a bakin titi da silifan banɗaki, a gaban mai gasa burodi, zufa ta jiƙa mini riga. Don kada in koma hannu biyu sai na sayi burodi.

"Abu Manar, wa ya aike ka?" in ji Saudatu, da sunan 'yarmu take kirana.

"Sha'awa ce."

Ta kalli ƙafata, ta karɓi burodin, ba ta ƙara ba. Ta san dokar mota ita ma, tun tana amarya na karanta mata.

Ranar Mina a hajjin bana, da ƙanƙara muka yi ta sanyaya mutane har ta ƙare. A nan zan tsaya.

Laraba, bayan azahar

Na kira Ma'aruf. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

A ƙaramin masallacin unguwa na yi Juma'a. Tun da aka sauko daga Mina ban shiga Harami ba, ni da nake iya zuwa da ƙafa kafin shayi ya huce. Na ce wa Saudatu gwiwa ce. Gwiwar tana ciwo, ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya.

Matsalar Misfala ita ce, in iska ta juyo, kana jin lasifikar Harami har cikin ɗaki. Kusan bayan kowace salla sai an yi kiran sallar jana'iza. A cikinsa aka haife ni, da can ko ji ba na yi. Yanzu da liman ya yi sallama sai in ga na daina motsi ina jira.

Alhazai sai watsewa suke. Titi cike da bas-bas da jarkokin zamzam da akwatunan da aka ɗaure da igiya. Irin wannan lokacin akan ajiye ni da Ma'aruf daga ciki, kusa da ƙofar Harami mai kallon unguwarmu, saboda a ɗawafin bankwana tsofaffi suka fi faɗuwa. Alhaji ba ya barin Makka sai ya yi wannan ɗawafin na ƙarshe. Mu 'yan gari babu shi a kanmu, ina za mu?

Don rage zaman jira muka ƙirƙiro wasa, kowa ya nuna wanda yake ganin bankwana ya yi, sannan mu tambaye shi. Mai bankwana ba ya ɓuya. Ya gama, ya ɗauki takalmansa, amma ya kasa ba Ka'aba baya. Yana tafiya yana waiwaye, wasu ma da baya-baya suke fita ko da malamai na hana su. Fuskar takan kwanta lumui, irin ta wanda ya gama haɗa kayansa. Wanda ya kasa canka shi ke zuba shayi daga filas ɗinmu, wani tsohon koren filas da ya sha faɗuwa. Kusan kullum ni ke zubawa. Yaron yana da ido.

Lahadi, da yamma

Jawahir matar Ma'aruf ta kira Saudatu, suka gaisa, sannan ta ce a ba ta ni.

"Yaya Lurwanu, ƙaninka ba ya shigowa gida. Ya tashi daga aiki, ya zo ya faka a ƙofa, sai ya yi ta zama a mota. In na sauka na ƙwanƙwasa gilashi sai ya firgita. Abinci sai dai ya tsakura. Raghad ta miƙa masa hannu ya ɗauke ta, sai ya tsaya yana kallonta."

Raghad 'yarsu ce, ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Na ce, "Gajiyar hajji ce, kowa haka yake yi. Ki kai masa shayi, ki ƙyale shi. Kada ki tambaye shi komai."

"Har yaushe, Yaya?"

"Zai wuce."

"Me ya faru ne a Mina? Wallahi ban san komai ba, sai abin da kowa ya sani, an yi zafi."

"To shi ne. An yi zafi."

Da na ajiye wayar, Saudatu na ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai naka ya wuce?" Na ce mata ni ba yaro ba ne. Na ji haushi sosai, har na ƙi cin abincin da ta kawo, daga baya kuma na ci shi a sanyaye.

Litinin, bayan ƙailula

Na daina barcin rana daga yau. Ina rufe ido sai titin nan na Mina, fararen tufafi a jere a gefen kwalta, duk an juyo ana kallon motarmu. Mota ɗaya ce, gado ɗaya. Wata tsohuwa ta ji muna Hausa.

A nan zan tsaya.

Talata, bayan magariba

Na sake kira. Bai ɗauka ba.

Alhamis, da hantsi

Yau na ji daɗi, bari in rubuta tun bai gudu ba. Ma'aruf ya zo da kansa.

Ya yi aski, ya sa farar jallabiya mai guga, yana ƙamshin turare. Ya rame, amma idonsa a kwance. Ya sumbaci kaina kamar yadda ya saba tsokanata, ya ce, "Shaiba mai furfura, ritaya ta karɓe ka. Har tumbi ya fara leƙowa."

"Kai dai marar kunya ne. Ina ka shiga? Waya ba ka ɗauka, kai da aka ce aikinka ke nan yanzu."

"Shi ya sa, Yaya. Duk yini ina jin mutane suna kira a zo, ni kuma ina zaune a kujera. In na fito ba na son jin ƙarar waya."

Ya faɗe ta yana dariya, ni ma na yi dariya. Ya ci wainar Saudatu har da neman ƙari. Ya tambayi Manar 'yata da mijinta, ya tuna mini ranar da muka karɓi haihuwa a bakin titin Aziziyya, uban jaririn ya suma muka koma kansa. Mun yi dariya har na yi tari.

Da zai tafi sai ya ciro koren filas daga leda ya ajiye a tebur.

"Naka ne ai, kai ka saye shi."

"Ni me zan yi da shi? Na bar mota."

"Ni ma na bar ta. Ka riƙe." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Yaya, mun daɗe tare. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe ni."

Na ce na yafe, duniya da lahira, me ka taɓa yi mini? Ya shiga kicin ya roƙi Saudatu ita ma. Na raka shi har ƙasa. Ka ga, na ce wa Jawahir zai wuce.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Saudatu ta ɓata mini rana. Ta ɗauki filas ɗin tana juya shi, ta ce, "Tafiya zai yi ne?" Na ce babu inda za shi. Ta ce, "To mutum yana zaune lafiya yake bi gida-gida neman yafiya?" Na ce Musulmi ne, laifi ne? Ta ce ba laifi ba ne. Ta ajiye shi a kan firiji inda ba yadda za a yi in wuce ban gan shi ba.

Asabar, da safe

Filas ɗin yana nan a kan firiji.

Litinin, bayan azahar

Jawahir ta turo wa Saudatu hotuna. Ya kai su bakin teku a Jidda, ya ɗora Raghad a wuya. Ta ce ya dawo kamar da, har ya fi. Ya gyara famfon da ya daɗe yana ɗiga, ya nuna mata inda ake kashe ruwan gidan da inda ake kashe wuta. Tattabarun da yake kiwo a saman soro ya ba maƙwabci duka, ya ce sun ishe shi.

Ma'aruf da ko hajji muke ciki sai ya kira gida ya ji an ba su ruwa.

An kira sallar jana'iza bayan azahar. Na tashi na rufe taga, na dawo, na sake buɗewa.

Laraba, da yamma

Na ɗauki waya zan kira shi in tambaye shi. In tambaye shi me? Ban taɓa tambayar abokin aiki irin wannan ba, ban san ma da wace kalma ake farawa ba. Ina jin tsoro, kuma ban san ko nasa nake ji ko nawa ba.

Juma'a, bayan asuba

Abin jiya zan rubuta.

Gab da magariba Jawahir ta kira, muryarta wasai.

"Yaya, ashe ɓoye mini kuke yi? Canja masa gari aka yi? Riyad ne ko Madina?"

"Wa ya ce miki?"

"Shi mana. Ya yi wanka, ya rungumi Raghad, ya ce zai je Harami ya yi ɗawafin bankwana. Na ce kai ɗan Makka ina kai ina bankwana? Ya yi murmushi ya ce in kula da kaina. Har wayarsa ya manta a gida."

Ba a canja masa gari ba. Da an yi, da na sani.

Na ce mata ta kira yayanta ya zo ya zauna da ita, kada ta tambaye ni dalili. Sai na ji abin da na faɗa, na ce a'a, ki tambaya, zan gaya miki, amma ba yanzu ba. Saudatu ta riga ta miƙo mini takalmi.

Ban san yadda na sauka Misfala ba. Gwiwar ko tunawa da ni ba ta yi ba. Sai da na iso harabar, na ga farin dutse da fararen tufafi ta ko'ina, sannan ƙafata ta tsaya cak. Wani ma'aikaci ya wuce yana tura jarkokin zamzam mai sanyi, suna bugun juna. Na dafa ginshiƙi kamar tsofaffin da nake ɗauka, har wani bawan Allah ya tambaye ni ko a kira mini is'af. Na ce masa a'a, na shiga.

Aka tayar da magariba, na bi sahu a inda na samu. Allah Ya yafe mini, ban san me liman ya karanta ba. Yana sallama aka yi kiran da nake gudu, a wannan karon a saman kaina. Muka miƙe. Na yi kabbarorin ina roƙa wa mutanen da ban sani ba gafara, zuciyata kuma tana ta faɗin abu ɗaya, ya Allah kada gobe ya zama shi.

Mutum ɗaya a cikin wannan taro ba a nemansa, sai dai a san inda zai bi. Na je na tsaya a wurin da ake ajiye mu, kusa da ƙofar. Na koma yin wasanmu ni kaɗai. Wata Baturkiya tana kuka, bankwana ce. Wasu 'yan Indonesiya riƙe da rigar juna, bankwana ne. Na daɗe har na fara cewa na makara.

Sai ga farar jallabiya tana tahowa da baya-baya, takalma a hannu. Ban ga fuskar ba sai da ya zo daf da ni, kuma ita ce, wadda muka saba cankowa.

Na kama wuyan hannunsa. Yatsuna da kansu suka nemi bugun jini, aikin ya riga ya zauna a jiki. Yana bugawa a hankali, daidai, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Yaya. Me kake yi a nan? Gwiwarka fa?"

"Ina za ka, Ma'aruf?"

"Gida."

"Ɗan Makka ba ya bankwana don zai koma Rusaifa."

Mutane na ture mu ta ko'ina. Na nemi wata hanya mai laushi ta faɗa, ban samu ba, sai na faɗe ta yadda take.

"Kana tunanin kashe kanka ne?"

Hannunsa ya yi tsalle a cikin nawa. Ya kalli ƙasa, ya ce, "Kai ka ce ba a tambaya."

"Ga shi na tambaya."

Sannan ya ce, "Eh." Fuskar nan da ta kwanta ta wargaje gaba ɗaya, kuma wallahi na yi murna da ganin haka.

Muka zauna a jikin bango kamar alhazan da suka ɓata. Ya ce, "Tsohuwar nan ta Mina kullum tana kirana, Yaya. Ko wace waya na ɗauka muryarta ce, tana cewa ɗana, ai ku namu ne." Na ce na sani. Ya ce ba ka sani ba, kai dutse ne. Na ce masa ni dutsen nan ƙarar fasa ƙanƙara ke kora titi da silifan banɗaki, kuma rabona da nan wurin tun Mina. Ya juyo ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba.

Na ce, "Yafiyar da na yi maka Alhamis ɗin da ta wuce, na janye ta."

"Ana janyewa ne?"

"Tawa ce, na janye. Ban yafe ba. In kana so, ka zo gobe bayan la'asar ka sake roƙa."

Ban saki hannunsa ba har muka shiga tasi, har muka isa asibiti. Can yayan Jawahir ya same mu da ita. Na gaya mata komai a gabansa, da bakina.

Lahadi, da hantsi

Sun riƙe shi. Likitar ƙwaƙwalwar yarinya ce, ba ta fi Manar ba, ba ta da sauri. Da ta gama da shi ta fito ta kira ni Ammu, wato baffa, ta ce, "Kai ma kana motar ranar?" Na ce ni rakiya na yi. Ta ce to, ɗan rakiya, ranar Talata tana da wuri. Saudatu ta amsa mini kafin in buɗe baki.

Ni nake zuwa wurinsa bayan la'asar tunda shi ba ya fita. Yana kwance yana kallon bango. Jiya bai roƙi komai ba.

Talata, bayan azahar

Na je. Na yi maganar titin har zuwa inda tsohuwar ta ji muna Hausa. A nan na tsaya. Ta ce babu laifi, mako mai zuwa.

Laraba, da yamma

An sallame shi bayan kwanaki, da magani da ranakun komawa. Jawahir ta ce ba ya barci sosai. Likita ta ce kada mu saki jiki, irin wannan lokacin ma abin lura ne. Na aika masa da koren filas ta hannun yayanta, na ce a gaya masa ba na karɓar roƙo sai da shayi, kuma da na'ana'a.

Alhamis, bayan la'asar

An idar da salla tun ɗazu. Iska ta juyo, na ji kiran jana'iza sarai, ban rufe taga ba. Bai zo ba.

Saudatu ta fito da kofuna biyu ta ajiye, ta koma kicin, ba ta taɓa komai mai ƙara ba. Na kira wayarsa, tana ta ƙara. Na kira Jawahir, ta ce ai ya fita tun kafin la'asar da filas a hannu, shi kaɗai, ya ce kada a raka shi. Daga Rusaifa zuwa nan ba nisa ba ne.

Inuwar gidan da ke kallonmu ta haye titi. Ina rubutu ne don hannuna ya sami abin yi. Wani ya hawo bene, ya wuce sama. Na sa takalmi. In aka kira magariba zan

Alhamis, bayan magariba

Ya zo. Ya ce ya daɗe a mota a ƙofar gidanmu, ya kasa hawowa, sannan ya hawo. Bai yi aski ba, idonsa ja, jallabiyar duk ta yamutse. Shayin ya huce, kuma ya manta na'ana'a.

Ya zuba mini, ya zuba wa kansa. Muka sha.

Da zai tashi ya ce, "Yaya, ka yafe ni?"

Na ce, "Tukuna. Ka dawo gobe."